Gaisuwar da Na Yanke wa Hajiya Talatu

Akwai wata Laraba da har in mutu ba zan manta da ita ba, kuma ku sababbin ma'aikata nake so ku ji.

Ga wanda bai san aikinmu ba: asibiti ke gwada jinin mutum. In sugansa ya hau amma bai kai ciwon suga ba, sai a ba mu lambarsa. Muna kiransa duk mako daga ofishinmu na Unguwar Sarki, mu ji abin da ya ci da tafiyar da ya yi. Wanda ya ƙi bin tsari, a cire shi a sa wani. Kowane kira minti goma ne. Ni da na fara riƙe biro ina da 'ya'ya biyar, doka nake bi kamar karatun sallah. Don in cika minti goma, sai na yanke gaisuwa. Sallama, sai tambaya.

Hajiya Talatu 'yar Rigasa ce, mai sayar da atamfa. Da farko ba ni da kamarta: ta rage tuwo, ta bar lemon kwalba, kullum da safe tana zaga unguwa. Kwatsam ta daina, ta koma cin abinci da yawa, ina ta yi mata faɗa. Mako uku ina tambaya, amsa ɗaya: "Ba na fita yanzu, Malama." Ta daina zuwa gwaji. Sista Rabi, shugabar sashenmu, ta ce, "Asabe, in ba ta motsa ba, Juma'a ki cire ta."

Ranar Larabar na kira ta da zafina. Na ce, "Hajiya, ƙafa gare ki ko ado? So kike sai an fara yi miki allura? In ba kya tausayin kanki, ki tausaya wa Alhaji."

Sai ta ce, "Ai Alhaji yau kwanansa ashirin da uku."

Takaba take yi. Da ina gabanta, da zaman kawai ya gaya min. Da na ce "ina maigida?" sau ɗaya, da na sani. Abincin da nake yi mata faɗa a kai ma na maƙwabta ne, kwano-kwano, kuma mai takaba ba ta mayar da kwanon mutane.

Na yi mata ta'aziyya, na roƙi gafara. Ta ce, "Ba komai, dama na san bakinki ba linzami."

Na koma wurin Sista na ce ba zan cire ta ba, in cirewa ce a haɗa da ni. Ta harare ni, ta ce, "To ki san yadda za ki yi."

Washegari na tambayi Hajiya girman tsakar gidanta. Muka shirya: bayan La'asar ta ɗauki carbi, tana zagawa daga bakin rijiya zuwa zaure tana yi wa Alhaji addu'a. Kwanukan kuwa ta karɓa da godiya, ta ɗiba kaɗan, jikoki su ƙarasa. Ma'aikaciyar jinyar unguwarsu ta je gida ta gwada ta. Har ta fita takaba suganta bai ƙetare iyaka ba.

Waya ba ta da ido. Gaisuwa ce idonta. Yau ko Sista na tsaye a kaina da agogo, sai na tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya kafin in tambayi tuwo.