Tokar Gidan Burodin Yaya Maccido

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Mayu, 2025, bayan Azahar, Allah Ya karɓi ran yayana, Malam Maccido mai burodi na Ƙauran Namoda, bayan doguwar jinyar ƙirji. Ni ce ƙanwarsa Kulsumu. An gama zaman makoki, amma har yanzu in na ji tari a bayan katanga sai in ɗauka shi ne.

Yaya, kai ba ka iya riƙe abu ba, kowa ya sani. Burodin da ya ɗan ƙone a gefe ba ya shiga kasuwa, na maƙwabta ne. Hatta toka ba ka zubarwa. Kullum sai ka tara ta a bakin ƙofa, mata su ɗiba su tace ruwanta su sa a miya madadin kanwa, wasu su barbaɗa wa wake don kada ƙwari su ci. In na tsokane ka cewa har toka ka mayar sadaka, sai ka ce, "Ke dai ki yi ta surutu, auta."

Da 'yan bindiga suka hana shiga daji, itace ya yi wuya. Sai wani direba ya fara kawo maka kwal, baƙin dutsen nan da ake haƙowa daga ƙasa. Murna ka yi ƙwarai. Ka ce mini, "Kin gani, ba mu sare icce ko ɗaya ba." Hayaƙinsa kuwa warin ashana yake yi, yana yaji a ido. Kwanon rufi ya yi tsatsa, darbejiyar ƙofar gida ta fara zubar da ganye, kai kuma ka fara tari. Amma toka ka ci gaba da rabawa kamar yadda ka saba.

Nazifa, 'yar maƙwabcinka mai aikin lafiya, ita ce ta ga mata suna ɗiba ta ɗora hannu a ka. Ta ce hayaƙin kwal yana cin huhu, yana ƙara zafin da duniya ke kuka da shi, tokarsa kuma ba irin ta itace ba ce, ana iya samun gubar dalma a cikinta. Mu mutanen Zamfara ba a yi mana bayanin dalma sau biyu, mun san yaran da ta kai kabari.

A ranar ka kashe wuta, ba ka sake hura ta ba. Ka ɗauki sanda kana bin gida-gida, numfashi yana sarƙe maka, kana roƙon a fito da toka. Wasu suka yi dariya suka ce, "Malam, toka ai toka ce." Ba ka yi fushi ba. Ka tara duk abin da ka samu, ka kai nesa da rijiya ka binne, ka raba musu kanwa.

Mace ɗaya ce ta gagare ka. Ta gudo daga Dauran da 'yan biyunta ƙanana, ka cika mata buhun toka da hannunka saboda tausayi. Ko sunanta ba ka tambaya ba. Da ka je nemanta, aka ce ta tashi, wai ta yi wajen Shinkafi. Ka aika saƙo ta bakin direbobi, ka sa aka yi cigiya a masallatai, shiru. Maganarka ta ƙarshe da ni, kafin kalmar shahada, ita ce, "An gano ta?" Na ce tukuna, Yaya. Wallahi wannan tambayar ba ta bar ni ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya karɓi niyyarka, Ya sa jinyar da ka sha ta zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Binta, da 'ya'yanka Sadiq da Samira, Allah Ya ba mu haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan kuma ya san wata uwar 'yan biyu daga Dauran, don Allah ya faɗa mata ta daina sa tokar nan a miyar yaranta. Maccido ne ya aiko.