Shaidar Igiya a Wuyan Ƙanena

Ranar kasuwar Mai'adua aka tsinci ƙanena rataye a reshen tsamiya, a bayan wata gona da ke gefen hanya. Ɗan acaɓa ne, tun da asuba ya fita ɗaukar 'yan kasuwa. Manoma ne suka gan shi. Babur ɗinsa kuwa ko sama ko ƙasa.

Kafin in rufe shagona na ɗinki a Daura in isa gida, magana ta riga ni: wai ya rataye kansa. Kowa da dalilin da ya ƙirƙiro masa. Limamin unguwa ya aiko cewa za a yi masa salla, amma ba shi zai ja ba.

'Yan sanda suka kai gawar asibiti, suka ce sai likita mai binciken gawa ya zo daga Katsina. Kawu, ƙanen mahaifinmu marigayi, ya tubure a zaure.

"Gawar Musulmi ta kwana? A feɗe yaro kamar rago? Ku karɓo shi mu rufa wa kanmu asiri!"

Inna, mahaifiyarmu, ta ɗaga labule. Ban taɓa jin ta katse Kawu ba sai ranar.

"Malam, yaron nan da zai fita cewa ya yi in ajiye masa fura. A duba shi."

Zama ya gagare ni. In je asibiti in tsaya a bakin ɗakin ajiye gawa, in dawo gida, in ga masu gaisuwa suna kauce wa idona, in sake fita. Na buɗe shago, na zauna a kan keke, na kasa zira zare a allura. Abin da ya fi damuna shi ne ni ma na fara tambayar kaina ko akwai abin da ya ɓoye mana.

Likitan ya iso washegari da hantsi, dattijo ne mai ƙaramar murya. Ya daɗe a ciki. Da ya fito ya kira ni da Kawu da ɗan sandan da ke riƙe da maganar, ya zaunar da mu.

"Wanda ya rataye kansa," in ji shi, "shaidar igiya a wuyansa takan hau sama ta bayan kunne, saboda nauyin jiki yana ja ƙasa. A wuyan ɗanku shaida biyu ce." Ya zagaya wuyansa da yatsa. "Ɗaya ta kewaye wuyan a miƙe, a ƙasan maƙogwaro, jini ya taru a ƙarƙashinta. Yana da rai aka yi ta. Ɗayar, wadda ta hau sama, babu jini a ƙarƙashinta. Ya riga ya cika aka ɗora shi a bishiyar."

Kawu ya ce, "Likita, ka tabbata?"

"Baba, akwai karcen farcensa a wuyansa, inda ya yi ta ƙoƙarin ɓamɓare igiyar. Ta bayansa aka shaƙe shi. Mai yiwuwa wanda ya goyo ne."

Kawu ya cire hula ya riƙe, yana ta salati. Ni kuwa na rasa abin da nake ji. Sauƙi ya zo mini, sai kuma na ga yatsun ƙanena a kan igiya a cikin raina, na fita da gudu na zauna a gindin darbejiya.

Da la'asar liman da kansa ya ja sallar, sahu har kan titi. Waɗanda suka yaɗa maganar suna ciki, muka yi musabaha.

Ba a kama kowa ba. 'Yan sanda sun ce da alama babur ɗin ya tsallaka iyaka tun ranar. Na yi watanni ina zuwa Mai'adua ran kasuwa, ba saye ba sayarwa, ina bin layin babura ina leƙen tankin kowanne, don nasa yana da lotsawa a gefen hagu. Wata rana wani mai babur ya riƙe mini hannu ya tambaye ni abin da nake nema, mutane suka fara taruwa. Na ba shi haƙuri, na hau motar Daura. Da na gaya wa Inna sai ta ce in don ita nake zuwa, in bari. Na bari, amma har yau in fasinja ya hau bayan ɗan acaɓa a gabana, hannunsa nake kallo har su sha kwana.