Alwala a Bakin Rafi

Na yi tuƙin babbar mota har Njamena da Garwa da Agadas. Sojoji sun tare ni da Faransanci, 'yan tawaye sun tare ni da Larabci. Duk inda na je, ana sa mutum ya dafa Alƙur'ani ne don ya faɗi gaskiya. Sai a Bauchi, garin da aka haife ni, aka sa na dafa shi don in yi shiru.

Lokacin girbi ne. Bayan asuba muka sha kunun gyaɗa a Ƙofar Dumi, ni da ƙanena Sale. Ya goya ni a babur zuwa gonarmu ta bayan gari, yana mitar na yi nauyi.

Wajen ƙarfe tara muna ɗaure dawa. Na ji ƙarar babura daga gabas. Aka kashe injuna. Gonar ta yi tsit. Sai ga 'yan bindiga, fuskokinsu a rufe da rawani.

"Ku kwanta!"

Na kwanta. Sale ya ruga. Harbi ɗaya. Na ji faɗuwarsa cikin kara. Na ɗaga kai daidai lokacin da rawanin mai bindigar ya zame. Ɗan unguwarmu ne. Iyakar abin da zan iya rubutawa ke nan. Ya ga na gan shi.

Suka tasa ni cikin daji ba takalmi. Azahar ta wuce muna tafiya. Da la'asar suka tsaya a bakin wani rafi, suka yi ta gardama a kaina. Babbansu ya zo ya tsuguna. Sharaɗi ɗaya ne: in rantse ba zan ambaci sunan kowa ba, ko ga hukuma ko ga iyali, har in mutu. In na ƙi, nan za a bar gawata.

Aka fito da Alƙur'ani daga jaka. Na miƙa hannu. Ɗan unguwarmu ya daka tsawa.

"Sai ya yi alwala!"

Ya san ni. Ya san in da alwala na rantse, bakina ya rufe. Shi ya ɗebo ruwan a buta, da hannun da ya harbi Sale. Na yi alwala. Na dafa. Na rantse.

"Tafi! Kar ka waiwaya!"

Na yi gudun da tsoho zai iya. Ƙaya ta tsattsaga min ƙafa. Gab da magariba na fito titi, wani mai motar itace ya ɗauke ni.

Washegari muka binne Sale. Wani malami ya ce rantsuwar tilas ba ta kama mutum. Wataƙila. Amma mutanen nan sun san ƙofar gidana, sun san hanyar makarantar jikokina.

Ranar addu'ar uku ɗan unguwar tamu ya zo cikin masu gaisuwa. Ya tsuguna gabana.

"Baba, ya haƙuri?"

Na ce, "Da godiya."

Dawar ta ruɓe a gona. Ban sake komawa ba. Matar Sale ta tambaye ni ko na ga fuskarsu, na sunkuyar da kai. Tun daga ranar ta daina tambayata, ta kuma daina gaishe ni.