Hujin da Mama ta hana a toshe

A ɗakin Mama a Rikoto akwai wani huji a kwanon rufi, ɗan yatsa ma da kyar yake shiga. Duk damina sai ta tara masa roba. Kafinta ya sha zuwa zai toshe, tana korarsa.

Harsashi ne ya yi shi. Ranar da ɗan maƙwabcinmu ya dawo daga fagen daga lafiya, abokansa suka yi ta harbi sama da rana tsaka, mata na guɗa. Ƙanwata tana cikin ɗaki tana tsintar wake. Ƙwas kawai muka ji, sai ga ta a ƙasa, jini na zuba ta kafaɗa. Ya huda kwano ya shige ƙashi kafin ta ko ɗaga kai. Tun ranar hannunta na dama bai ƙara moruwa ba. Masu zuwa dubiya suna ta cewa wai ai harsashin ya gaji, faɗowa kawai ya yi. Gajiya? Har yau in na tuna maganar nan raina ɓaci yake yi.

Shi ya sa Mama ta ja mini kunne: ranar binne ta, kada a harba ko ɗaya.

Da ta rasu, sai ga Kawu, yayanta, tsohon soja, da samari riƙe da bindigogi. A danginmu babba ba ya tafiya shiru. In ba a ji ƙarar bindiga ba, cewa za a yi an yar da shi.

Na ce, "Kawu, ba za a yi harbi ba."

"Ke 'yar nan, ƙanwata ce fa. Kaza za mu binne? Ai sama za su harba."

"Wancan ma sama aka harba shi."

Na roƙe shi ya biyo ni ɗakin. Hasken rana ya ratso ta hujin ya sauka kan tabarma. Na ce ya tsaya daidai nan, in ya yarda da saman, ya ba su umarni. Bai tsaya ba. Ya ce in na kunyata shi yau, kada in ƙara taka gidansa. Na ce na ji. Alhali ina ƙaunar mutumin nan.

Ba a harba ba. Har yau ba ya amsa gaisuwata, ni kuma ban ba shi haƙuri ba.

A bakin kabari, da fasto ya ce 'ya'ya su zuba ƙasa, ƙanwata ta durƙusa ta ɗiba da hagu. Wata tsohuwa ta buɗe baki za ta tsawata mata, sai ta dubi hannun daman, ta fasa.