Kunyar da Ta Kusa Koro Ni Daga Shikago

Edita, ni yanzu tsoho ne, amma lokacin da abin nan ya faru matashin malamin gona ne ni a ƙasar Makarfi, mai sabon aure da sabon keke, mai ganin babu wanda ya kai shi sanin ya kamata. Asalina wani ƙauye ne kusa da Furana. Mahaifina malami ne, a zaurensa na yi karatu kafin a sa ni boko, kuma a gidanmu akwai doka ɗaya da ba a wasa da ita: namiji ba ya cin abinci a kasuwa ko a bakin hanya. Malam yakan ce wanda ake ganin bakinsa yana motsi a kasuwa, ko shaidarsa bai kamata alƙali ya karɓa ba. Ran kasuwar Makarfi haka nake wuni da yunwa, ina ma alfahari da ita.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka zaɓe ni in je Amurka kos na wata tara a kan adana hatsi. Gari guda ya raka ni har inda ake shiga mota. Kilishin da maiɗakina ta ɗaure mini kuwa, ma'aikatan filin jirgi suka karɓe, wai ba a shiga da nama. Haka na sauka Shikago daga ni sai akwati da 'yar dakuwa.

Masaukin ɗaliban da aka ba ni ba shi da wurin girki, don can kowa a waje yake ci. Kowane layi ka bi gidajen abinci ne, na Italiyawa, na 'yan Sin, na Girkawa, kuma gaban kowanne gilashi ne zalla. Sai ka ga dattijo da furfurarsa a kan doguwar kujera yana zuba loma, duk mai wucewa yana kallon bakinsa. Na ce a raina, ni ɗan Malam? Allah ya sawwaƙe. Ga kuma tsoron alade, don an ce har cikin wake suke sa shi. Ranar farko abokan karatuna suka gayyace ni, na ce na ƙoshi kamar yadda duk mai tarbiyya zai ce, ina jiran su sake tayi. Suka ce to, suka yi gaba abinsu. Ashe can in ka ce ka ƙoshi, to ka ƙoshi ke nan. Sai na koma sayen burodi ina ɓoyewa cikin kwat, in kulle ɗaki in ci da shayi. Mako bakwai ina haka, har sai da na ƙara wa bel ɗina huji biyu. Ran nan muna tsaye cikin wani ƙaton rumbun masara ana mana bayani, sai jiri ya ɗebe ni, ban farfaɗo ba sai a asibiti. Likita ya ce ba wata cuta sai yunwa, shugaban kos kuma ya ce in ban murmure cikin mako biyu ba za a mayar da ni gida. Na tuna taron da ya raka ni. In koma in ce musu me? Yunwa ta koro ni daga ƙasar da ake zubar da abinci?

Wanda ya cece ni, bayan Allah, wani dattijo ne baƙar fata mai sharar masaukinmu. Kullum nakan rusuna in gaishe shi, abin yana ba shi dariya. Shi ya lura kwandon sharata ba komai ciki sai takardar burodi. Ran Asabar da hantsi ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce in zo mu je cin abinci. Na ce na ƙoshi. Ya ce ya ji, amma in zo. Na ce na gode. Sai ya ciro kwat ɗina daga jikin ƙusa ya riƙe shi a buɗe, ya ce a garin da aka haife shi, can kudu, ba a yarda da ƙoshin baƙo.

Muka hau bas zuwa unguwarsu, wani ɗan gidan abinci na ƙanwarsa mai tebur shida. Tun daga ƙofa ƙamshin kuɓewa ya buge ni. A nan na daure na faɗi gaskiya: ba na cin alade, kuma ba na iya ci ana kallona. Na zaci za ta yi dariya. Matar, wadda ta kai sa'ar mahaifiyata, ta dube ni sama da ƙasa ta ce yaron nan ai saura ƙashi. Ta ja ni bayan labule, ta ɗauko tukunya ta wanke a gabana, ta dafa kifi da kuɓewa da man gyaɗa. Ta tambaye ni yadda muke cin garin masara, na kwatanta mata, ta tuƙa da cokalin katako. Tuwon ya yi gudaji, ba zan ɓoye ba, amma wallahi ban taɓa cin mai daɗinsa ba. Ina ci hawaye na zuba. Ita kuwa ta juya mini baya tana ta wanke kwanon da ya riga ya fita.

Ita ta koya mini garin. Ta ce shagunan Yahudawa ba sa taɓa alade, in shiga in ci hankali kwance. Wajen Girkawa in tambayi da wane mai suka soya kifi, kuma duk inda na shiga in buɗe baki in tambaya, ba wanda zai ci ni. Mako biyu bai cika ba na soma mayar da jiki. Kafin wata uku ni da kaina na fito da kwanona daga bayan labule.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba, sai na rubuta wa Malam wasiƙa da ajami cewa ɗansa ya zama mai ci a kasuwa. Amsa ta iso bayan mako shida. Ya ce dokar ta mazaunin gida ce, ba ta matafiyi ba, kuma wanda ya zauna da yunwa ga halal a gabansa girman kai ne ke damunsa, kada ya kira shi tsoron Allah. Ya ce in gaishe da matar, in riƙe ta kamar uwa.

Ga inda na kasa. Makon tafiya hidima ta yi mini yawa, na ce gobe zan je mata sallama, goben ba ta zo ba. Ko adireshinta ban rubuta ba. Da na iso gida, kafin Malam ya dubi takardar shaidata, ya tambaye ni me na ba uwata ta can. Na sunkuyar da kai. Har yau tambayar nan tana damuna.

Don haka nake jan kunnen 'ya'yanmu masu fita waje. Ku riƙe addininku, amma ku buɗe baki ku tambaya, kada kunya ta sa ku cuci cikinku. Mutanen kirki suna ko'ina. In Allah ya haɗa ku da ɗaya, ku je ku gode masa yau, da ƙafarku. Ni tawa godiyar ta shekara hamsin a bakina, ban sami mai karɓa ba.