Kujerar da Yaya Lawali ya ƙera

Bana shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar yayana Lawali, malamin kimiyya a wata sakandare a Kaura Namoda. Abin da ya fara ɗaukar idona a ɗakinsa hoto ne da ya yanko daga tsohuwar mujalla: Bature a ɗaure kan kujera, cikin manyan zobba uku na ƙarfe. Ya ce da irinta aka horar da 'yan sama jannati na farko. A wujijjiga mutum ta ko'ina, shi kuma ya koyi tsayar da juyin da hannunsa, don kada kumbo ya ƙwace masa a sama. Ni a lokacin littattafan soyayya ne abincina, har na hango amarya da ango a cikin zobban.

Yaya bai tsaya ga hoto ba. Ya tara ƙarafa, mai walda ya lanƙwasa masa zobba, ya saka birkin keke uku, kowane zobe da nasa. Ɗalibai su tura, na ciki ya kama birki ɗaya bayan ɗaya har ta tsaya.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, yana neman auren Hajara, 'yar Alhaji Mamman mai motocin haya a Shinkafi. Magana ta kai wa Alhaji cewa malamin lilon banza yake koya wa yara. Gani ya kori ji, sai ya zo da kansa ranar kasuwa, da direbobinsa. Ya zagaya kujerar, ya ce, "To, malamin sama, ɗaura ni in ga abin da zan ba 'yata."

Yaya ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya yi bayanin birkin cikin muryar da ake yi wa suruki magana. Ni da ke kusa ban ji ba, balle Alhaji. Aka ɗaure Alhaji a kujerar, aka tura. Hula ta faɗi, babbar riga ta kife masa a ka, ƙafafu suna sama. Kalma biyu ake buƙata don ya laluba birki: kama hagu. Yaya ya buɗe baki, amma ɗaga wa suruki murya a gaban jama'a ya gagare shi. Kafin mu riƙe zobban, Alhaji ya amayar da abincin rana a gaban yaransa.

Bai yi faɗa ba. Ya shiga mota, daga ranar in ya shigo Kaura, ko a masallaci ya hango Yaya sai ya sauya ƙofa. A littattafaina soyayya kan yi nasara a shafin ƙarshe. A nan an ɗaura wa Hajara aure da wani a Jangeru, Yaya ya kwance zobban da hannunsa. Bai ƙara maganar sama ba har ciwon hanta ya ɗauke shi.

Ina tunanin abin da zai ce da ya ga yaran yanzu suna kallon tashin kumbo a waya, alhali hanyar Zurmi sai da addu'a ake bin ta. Kunya nake ji in aka tambaye mu me ya bari, don ko zobe ɗaya ba mu adana ba, kuma garin ya fi tuna rigar Alhaji a kan aikin Yaya. Wasu ɗalibansa dai har yau sukan ce shi ya koya musu kada su firgita in abu ya rikice: a kama ɗaya, sannan ɗaya.

Bara na je Shinkafi gaida Alhaji. Ya tsufa, idanunsa sun tafi, motocin duk an sayar. Na faɗa masa ko ni ƙanen wane ne.

"Yaron nan mai ladabi ne," in ji shi. "Da ya daka mini tsawa ranar, da na ba shi ita."