Bajamushen da ya jera lemo a takarda

Shekara talatin ina sayar da lemo a unguwar Rusaifa ta Makka, a bakin wata gangara. Karatuna bai wuce izu biyu da sa hannu ba, shi ma sa hannun kamar kaza ta taka tawada. Mijin ƙanwata kuwa lissafi ya karanto a Jamus, muna ce masa Duktur. Duk Juma'a muna haɗuwa a gidansa a Aziziyya, a ci shinkafa, a sha gahawa, shi kuma ya buɗe mana tarihin Jamusawansa: wannan ya auna tafiyar taurari, wancan ya ce rashin iyaka ma wani ya fi wani girma. Ni dai ina cin nama.

Wata Juma'a ya kawo labarin wani Bajamushe na can da, sunansa ya ƙi zama a bakina, wanda ya ce in za a tara ƙwallaye su ci wuri kaɗan, a ɗora kowace a ramin da ke tsakanin na ƙasa. Wai sai da aka yi ɗaruruwan shekaru kafin a tabbatar. Na ajiye ƙashi na ce, "Duktur, ai haka nake jera lemona tun kafin ka yi gemu. Da sun tambaye ni."

Ya ce, "Yaya, jaki ma yana bin gajeriyar hanya zuwa ruwa, amma bai san hujja ba."

Aka yi dariya, har da 'ya'yana, waɗanda Hausar ma da ƙyar suke kamawa. Ni ne babba a wurin, amma daga ranar ko tari na yi sai an kalli juna. Na riƙe abin wata uku.

Ana gab da azumi wasu abokansa malaman jami'a suka zo Umra. Na ce ya kawo su wurin teburina su ga hujjar Bajamushe da idonsu, shi ya jera, tunda shi ya san ta. Ya zo cikin farar jallabiya, ya naɗe hannu.

Abin da ba ya cikin littafinsa shi ne teburina a gangare yake. Akwai kwali ninki huɗu da nake cusawa ƙarƙashin ƙafar gaba. Da safen nan na zare shi na sa a aljihu.

Layi na farko ya zauna, don katakon baki ya tare shi. Na biyu, na uku. Yana jerawa yana yi wa baƙi bayani, rabi Larabci rabi Jamusanci. Na ce, "Ma sha Allah, ƙara ɗaya, Duktur." A na biyar wani lemo ya leƙo, ya yi sallama, sauran suka bi shi. Har bakin titi. Duktur ya bi su a guje, takalmi ɗaya, wani direban tasi yana danna masa oda yana cewa, "Yalla ya shaikh, kama na gaban!" Baƙin suka juya baya, kafaɗunsu na rawa.

Na mayar da kwalina da ƙafa ana tsintar lemo, na jera layi bakwai ina hira.

Sati guda bai yi barcin kirki ba, in ji ƙanwata. Juma'a ya zo da takardu cike da zane, ya bayyana wa jama'a cewa lemo ba girmansu ɗaya ba, shi ya sa. Sannan ya juyo: "Yaya, kai yaya kake zaɓen na ƙasa?" Na sha gahawata a hankali, na ce abin ba ya koyuwa a zaune.

Ƙanwata ta tare ni a ƙofa. Ta san teburin da kwalinsa, na mahaifinmu ne. Ta ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah, a Makka kake." Na ce zan gaya masa, in sha Allahu, in daɗin ya gama fita. Shekara shida ke nan bai fita ba.